Yakuwar da na shuka a bayan gida a Agege

Ga masu shuka ɗan ganyen miya a gidan haya, ga abin da ya faru da ni.

Daga gida aka aiko min da irin yakuwa, na zuba a buhuna shida da ƙasa da kashin kaji, na jera su a lungun bayan ɗakinmu. Ta tsiro kuwa, amma sai tsawo kawai take yi, siririya, ganyen ya koɗe, duk ta karkata gefe guda kamar mai leƙen katanga. Na ƙara taki, na ƙara ruwa. Har na fara yarda da masu cewa ƙasar kurmi ba ta karɓar irin arewa.

'Yata da ke sakandare ce ta warware min. Ta ce a makaranta sun sa ciyawar ruwa a kwalba suka haska mata fitila. In an matso da fitilar, ƙananan kumfa su yi ta fitowa da sauri. In an janye ta, su ragu. Kumfan nan iskar oksijin ce, alamar ganye na haɗa abincinsa. Ruwa yake ja daga saiwa, ya shaƙi iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, hasken rana kuma shi ne wutar girkin. Ta ce, "Baba, in wuta ta yi ƙasa, ko ka cika tukunya ba za ta dahu ba."

Ranar Asabar na zauna na lura. Tsakanin katanga da benen maƙwabci, rana ba ta shiga lungun sai gab da azahar, kuma ba ta kai awa biyu ba. Ga hadarin Legas na Yuni da Yuli, wanda sai a wuni ba a ga idon rana ba.

Na kwashe buhu huɗu na kai ƙofar gida, inda rana ke bugu tun hantsi. Cikin sati uku sabon ganye ya fito kore shar, mai faɗi. Biyun da na bari a lungu suna nan jiya i yau.

Amma abin yana da iyaka. Haske na kaiwa inda ƙarinsa ba ya ƙara komai, kuma in zafi ya yi yawa ƙasa ta bushe, ganye kan rufe ƙofofinsa don kada ruwa ya tsere, aikin ya ja baya. Shi ya sa yanzu safe da yamma nake ba su ruwa.

Mai gidanmu ya yi ƙorafin buhuna a ƙofa. Na aika masa ɗauri biyu na ganyen, har yau bai sake tayar da maganar ba.