Keke da Iskar Hunturu Tsakanin Nguru da Gashuwa

A Nguru layin dogo ya tuƙe tun 1930. Mai son Gashuwa sai ya bi ta gabas, kimanin kilomita 65. Ga ayarin masu keke wannan ba wata tsiya ba ce, sai fa cikin hunturu, lokacin da iskar arewa maso gabas ke tarbarsu da ƙura. Masu wayo kan yi sammako, su jeru, na gaba yana tare wa na baya iska, suna karɓa-karɓa. In dare ya riske su wajen Jajimaji, a bayan gorubai ake sauka, a danne tabarmi da kekuna, a binne garwashi cikin yashi, gama tartsatsi guda ya isa ya cinye ciyawar makiyaya. Ran komowa kuwa, iskar nan ce ke tura su har Nguru.