Aiki da Hali: Gwaji Biyu da Shafin Intanet Ke Buƙata Kafin Ya Iso Argungu

A ranar ƙarshe ta rajistar ɗalibai, shagon intanet da ke kusa da kasuwar Argungu yakan cika tun da hantsi. Wata yarinya mai suna da alamar ɗauri a tsakiyarsa, irin su Sa'adatu ko A'isha, ta cike fom, ta biya kuɗi, banki ya turo saƙon cewa an cire. Shafin kuwa ya tsaya cik, yana ta juyawa. Babu rasidi, babu lambar rajista, kuma da ƙarfe goma sha biyu na dare za a rufe. Mai shagon ya ce matsalar sabis ce. Mahaifinta ya ce a sake biya, alhali kuɗin daga buhun shinkafar da ya sayar suka fito.

Sau da yawa sabis ba shi da laifi a irin wannan rana. Laifin yana komawa watanni baya, lokacin da aka karɓi manhajar daga hannun ɗan kwangila ba tare da an yi mata tambayoyi biyu ba. Ta farko: tana yin abin da aka gina ta ta yi? Ta biyu: yaya take yin sa idan rana ta ɓaci? Masana manhaja sun raba gwajinsu gida biyu a kan waɗannan tambayoyi. Da Hausa ana iya kiran su gwajin aiki da gwajin hali.

Gwajin aiki shi ne bin shafin ƙofa-ƙofa. Idan aka danna "biya", ana samun rasidi? Idan aka danna sau biyu saboda gajen haƙuri, sau biyu za a cire kuɗin? Gurbin suna yana karɓar Ɗanjuma da Mu'azu, ko yana mayar da ɗ da ƙ wasu alamomi marasa ma'ana? Wannan alamar ɗaurin ta Mu'azu ba ƙaramar aba ba ce. Ita ce harshen rumbun bayanai ke amfani da ita wajen buɗe zance da rufe shi, don haka shafin da ya rikice a kanta yana sanar da ɓarayin intanet cewa akwai tagar da ba a kulle ba.

Nijeriya ta ga tsadar sakaci da wannan gwaji a ranar 25 ga Fabrairu, 2023. Daga rumfunan zaɓe a faɗin ƙasa, har da na Kebbi, sakamakon 'yan majalisar tarayya ya riƙa hawa shafin IReV na hukumar INEC, na shugaban ƙasa kuwa ya ƙi. Rahoton da hukumar ta fitar a 2024 ya bayyana dalili: an tsara manhajar ta ajiye kowane sakamako a ƙarƙashin wata jiha, zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na jiha ɗaya ba ne, sai ta rasa inda za ta sa shi. Shafin ya yi aiki a zaɓukan gwamnonin Ekiti da Osun a 2022, amma waɗannan duk na jiha ne. Takardar farko ta zaɓen shugaban ƙasa ba ta hau ba sai da ƙarfe 8:55 na dare, bayan zargi ya riga ya cika gari.

Gwajin hali ya fi wuyar gani, domin manhajar da ta wuce gwajin aiki tana iya faɗuwa a nan. Mutanen Argungu sun san ma'anarsa ba tare da kwamfuta ba. Masunci ɗaya da gora da homarsa a Matan Fada ba ya tayar wa kowa hankali. Amma ranar bikin kamun kifi, wanda ake gudanarwa tun 1934, dubban masunta ne ke faɗawa ruwan a lokaci guda da zarar an ba da alama. Haka ranar rufe rajista take ga kwamfutar da ke ɗauke da shafi. Ana iya kwaikwayon wannan turmutsitsi tun kafin ranar ta zo: akwai manhajoji irin su JMeter da ke turo baƙin ƙarya dubu-dubu, a ga a mutum na nawa shafin zai fara nishi. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Ko Amurka ta sha wannan kunya: shafin inshorar lafiya na HealthCare.gov ya durƙushe ranar da aka buɗe shi, 1 ga Oktoba, 2013, kuma mutum shida kacal suka kammala rajista a wannan rana.

Cunkoso ɗaya ne kawai daga cikin halayen da ake aunawa. Akwai sauri: shafin da ke buɗewa nan take a ofis mai intanet mai ƙarfi a Birnin Kebbi, minti nawa yake ci a ƙaramar waya a ƙauyukan fadamar Rima, kuma datar nawa yake cinyewa? Akwai juriya: idan sabis ya yanke a tsakiyar biya, shafin yana tuna inda aka tsaya? Akwai tsaro: ɗalibi zai iya ganin takardun wani idan ya sauya lamba ɗaya a adireshin shafin? Akwai sauƙin fahimta ga manomin da ya fi sakewa da Hausa.

Gwaji kuma ba ya ƙarewa ranar ƙaddamarwa, domin kowane gyara yana iya ɓata abin da yake lafiya. A watan Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya amsa a bainar jama'a cewa wani gyaran manhaja da bai sauka daidai a wasu kwamfutoci ba ya lalata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas. Sai da suka sake zama jarrabawa.

Yawancin waɗanda ke sa hannu a takardar karɓar aiki a ma'aikatu da makarantun Kebbi ba injiniyoyi ba ne, kuma ba sai sun zama ba. Abin da aka saba shi ne ɗan kwangila ya zo da kwamfutarsa, ya nuna shafin a bango, a tafa, a biya. Darakta ko magatakarda yana da ikon ya nemi fiye da haka: rubutaccen rahoton abin da aka gwada da wanda ya gwada shi, adadin mutanen da shafin ya ɗauka a lokaci guda kafin ya gaza, da abin da zai faru ga wanda aka cire wa kuɗi bai samu rasidi ba. Sannan a riƙe wani kaso na kuɗin kwangilar, a tura ma'aikaci ɗaya Argungu da waya mai araha, ya cike fom ɗin daga farko har ƙarshe da sunan Sa'adatu Mu'azu. Idan rasidi ya fito, a sa hannu.