Wuni Guda Tare da 'Yan Kaboyin Dutse

Duk wanda ya tashi a Kano ko Kaduna ko Zariya kafin bidiyo ya kashe kasuwar silima, ba sai an yi masa bayanin kaboyi ba. An buɗe silimar Rex a Kano a 1937, kuma cikin shekarun da suka biyo baya mutumin nan mai faffaɗar hula da bindiga a ƙugu ya shigo mana gari ya zauna daram. Mu da muka zo a ƙarshen zamanin ɓurɓushinsa muka tarar a talabijin da kaset, amma duk da haka da wuya ka sami lungun da yara ba su haɗa bindigar kara suna harbin juna da baki ba.

Saboda haka da wani tsohon ɗalibinmu ya aiko mana cewa yana ɗaukar fim ɗin kaboyi a cikin duwatsun da ke gefen garin Dutse, ba mu yi wata-wata ba, ana ba da hutu muka kama hanya.

Abin da muka tarar, ya kai mai karatu, sai dai a ce talaka ma yana da dabara. Kyamara ɗaya ce tak. Dawaki huɗu, dukkansu na aro daga bargar wani mai sarauta, ɗauke da sirdin gargajiya irin na hawan Sallah. Hulunan kuwa malafa ce aka shafa wa baƙin fenti, bindigogin kuma masassaƙi ne ya fitar da su daga icce, an ce sai an koma kan kwamfuta za a sa musu ƙara. Wani yaro na riƙe da kwali da aka manna wa takardar gwangwani yana haska fuskar jarumi da hasken rana. Sau shida aka maimaita fitowa guda, domin kuwa duk lokacin da jarumin ya zare ido zai yi magana, sai ɗan acaɓa ya ɓullo ta bayan dabino, ko kuma akuya ta ratsa fili.

Rashin kuɗin bai dame mu ba ko kaɗan. Ai fim ɗin da ya fito da Clint Eastwood duniya ta san shi, wato A Fistful of Dollars na 1964, Ba'italiye ne mai suna Sergio Leone ya ɗauke shi da kuɗi ƙalilan a ƙasar Sifen, labarin ma daga Yojimbo na Akira Kurosawa ɗan Japan ya kwaso shi. A nan maƙwabtanmu kuma, Moustapha Alassane na Nijar ya yi Le Retour d'un aventurier tun a 1966, wanda tsawonsa bai fi rabin awa da 'yan mintoci ba. Labarin saurayi ne da ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka canza sunayensu, suka addabi ƙauyensu. Zalika Souley da Djingarey Maïga na cikin waɗanda suka fito. Alassane, wanda ya rasu a 2015, aron kansa ya mayar labari: me ke faruwa idan yaranmu suka sa hular da ba a ɗinka don kansu ba?

Abin da ya dame mu shi ne rubutun. Da aka tsaya cin abinci muka nemi a ba mu mu gani, sai aka miƙo mana shafi uku na littafin makaranta. An yi fashin banki, an gudu da zinariya, jarumi ya bi sawu. Shi ke nan. Sauran maganar, 'yan wasa ke ƙirƙira a gaban kyamara.

Kafin mu ce uffan, dattijon da ya rako dawakin, wanda tun safe yake zaune a inuwar dutse yana kallo, ya riga mu.

"Yaro, wai a kan me ake wannan kashe-kashen?"

"Zinariya ce aka sace a banki, Baba."

"Wane bankin ne a dajin nan? Mu dai abin da muka sani ana kashe mutum a kansa a daji, shanu ne da gona da mashaya."

Dattijon nan bai taɓa shiga ajin adabi ba, amma ya sa yatsa a kan jijiyar abin. Manyan finafinan kaboyi da dama a kan ƙasa da dabbobi da ruwa suka ginu. Shane na 1953 rikici ne tsakanin mai garken shanu da ƙananan manoma da suka zo suka kafa shinge, kuma irin wannan faɗa ya auku da gaske a yankin Johnson na jihar Wyoming a 1892. Wanda ya san abin da satar shanu ta zama a Zamfara da Katsina cikin shekarun nan ba ya buƙatar aron banki daga Amurka.

Muka faɗa wa ɗalibin namu haka. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, na sani. To amma ƙanin mahaifiyata a hanyar Tsafe aka ɗauke shi. Idan na sa hula da bindigar icce, mutane za su yi dariya su huta. Idan na sa babur, wa zai iya kallo?"

Mun daɗe muna koya wa yara cewa su rubuta abin da suka sani. A wannan inuwar muka ga cewa akwai sanin da ya fi ƙarfin a tunkare shi gaba da gaba, kuma wataƙila malafar nan mai baƙin fenti ita ce tazarar da yake buƙata. Duk da haka ba mu janye ba, domin ana iya barin hular a sauya rigimar. Muka ce masa akwai marubuta a ƙungiyarmu da za su zauna da shi su mayar da shafi ukun nan talatin, ba don kuɗi ba. Wanda ke da sha'awa a cikin masu karanta wannan mujalla, sai ya yi wa edita magana.

La'asar sakaliya aka ɗauki fitowar ƙarshe ta ranar, inda jarumi zai yi sukuwa ya ɓace a bayan dutse. Dokin ya saba da jahi, don haka yana isa gaban kyamara ya ja birki ya ɗaga ƙafafun gaba, jarumin kuma ba tare da ya sani ba ya ɗaga bindigar icce sama kamar mai jinjina wa sarki. Ɗalibin namu ya kalli ranar da ke shirin faɗuwa, ya ce a bar shi haka, ba za a sake ba.