Idan Mai Suna Ya Ɗauki Ƙungiyar Ƙwallo

 Yau maganar ƙwallon ƙafa za mu yi. Kada ka ce zancen yara ne. Akwai fili a cikinsa, akwai kuɗi, akwai sunan gari.

Bari mu fara da Kaduna, a Najeriya. Can akwai wata tsohuwar ƙungiya mai suna Ranchers Bees. Wani attajiri, Alhaji Muktar Aruwa, shi ya riƙe ta zamanin da take tashe. A 1988 ta kai wasan ƙarshe na wani babban kofin Afirka, ƙungiyar garin Bizerte ta Tunisiya ta hana ta ɗauka. A 1989 ta ci kofin Afirka ta Yamma, bayan ta doke ASEC ta Abijan. Dattawanmu na Adar da suka yi bida a Abijan sun san ASEC ba kanwar lasa ba ce. Daga baya ƙungiyar Kaduna ta yi ta ja da baya, har yara suka tashi ba su san ta ba, sai filin wasan da ake kira da sunanta.

Sai ga wani ɗan garin, Sadiq Umar. Ɗan ƙwallo ne da ya yi suna. Ya buga wa Najeriya a wasannin Olamfik na 2016, inda suka zo na uku, kuma a 2022 ƙungiyar Real Sociedad ta Sifen ta saye shi da kuɗi masu yawa. Shi ne ya waiwayi tsohuwar ƙungiyar garinsu ya ɗauke ta. A 2025 aka ba da labari ya haɗa hannu da Bello El-Rufai, ɗan majalisa, ɗan tsohon gwamnan Kaduna, su riƙe ta tare. Lokacin tana rukuni na biyu. Rukuni kamar aji ne a lakwal, sai dai a nan ana saukar da mutum. Wanda ya yi ƙoƙari ya hau, wanda ya zo ƙarshe ya koma baya.

A jihar Kano ma an ga irin wannan. Sanata Barau Jibrin ya kafa ƙungiya a 2024, aka sa mata sunansa, Barau FC. A 2025 ta hau rukuni na farko. Shekara guda ke nan. Akwai ƙungiyoyin da suka shekara ashirin suna neman hawan nan ba su samu ba.

To, me ya sa mai suna yake zuba dukiyarsa a ƙaramar ƙungiya? Ban ce ba don ƙauna ba. Wanda ya tashi yana buga tamola ba takalmi, in Allah ya ɗaga shi, ba mamaki ya tuna da filin da ya fito. Amma ƙungiyar ƙwallo rijiya ce mai shan kuɗi. Albashi, mota, abinci, magani, kowane wata. Wanda ya daɗe yana zubawa, akwai abin da yake ɗiba ta wani gefe. Domin mu ga yadda abin yake, sai mu leƙa wani wuri mai nisa, inda doka ta sa ƙungiya ta buga lissafin kuɗinta kowa ya karanta.

Garin yana yankin Wales, a Birtaniya. Ana rubuta sunansa Wrexham, ana faɗin Reksam. Gari ne na masu haƙar gawayin ƙasa. A 1934 wuta ta tashi cikin wani rami kusa da garin, mutum 266 suka mutu. Daga baya aka rufe ramukan duka, aiki ya yi wuya. Ƙungiyar ƙwallonsu kuwa tun 1864 aka kafa ta. A 2008 ta faɗa rukuni na biyar, ta shekara 15 a can.

A watan Fabrairu 2021 wasu ƴan wasan fim biyu suka karɓe ta: Ryan Reynolds, mutumin Kanada, da Rob McElhenney, mutumin Amurka. Ba ƴan garin ba ne, ba su taɓa zama can ba. Suka zuba fam miliyan 2, wajen miliyan 1500 na sefa. Suka ɗauko mai horarwa, suka ɗauko ƴan wasan da suka fi ƙarfin rukuni na biyar. A 2023 ƙungiyar ta hau, a 2024 ta hau, a 2025 ta sake hawa. Hawa uku a jere, daga na biyar zuwa na biyu.

Ga inda nake son ka natsu. Mutanen nan biyu ba su zo su kaɗai ba, da masu ɗaukar hoto suka zo. Tun ranar farko ana ɗaukar kome: wasa, taro, faɗa, kuka. Aka haɗa fim mai kashi-kashi, sunansa Welcome to Wrexham, wato barka da zuwa Reksam. Aka fara nuna shi a 2022. Ba wasan kwaikwayo ba ne, mutanen gari ne da kansu, da sunayensu. Ƴan Amurka da ba su taɓa jin sunan garin ba suka kalla, suka kamu. Suka sayi riguna. Manyan kamfanoni, irin su TikTok da kamfanin jiragen sama na United Airlines, suka biya aka sa sunansu a ƙirjin riga. A shekarar da ta ƙare watan Yuni 2023 ƙungiyar ta yi asarar fam miliyan 5. Shekarar da ta biyo, kuɗin da suka shigo mata sun haura fam miliyan 26. Ka gani ke nan, hajar mutanen nan labari ce. Ƙwallo ita ce gonar da suke shuka shi.

Na kalli wasu kashin fim ɗin a salula. In faɗi gaskiya, ya kama ni. Sun ba talakawan gari wuri. Ka ga tsoho yana ba da labarin ubansa, ka ga mai ƙaramin shago yana lissafin cinikin ranar wasa. Amma mai hoto yana da farkon labarinsa, kuma farkon shi ne ranar da ya iso. Mu nan mun san haka. Tun da aka fara aikin raya karkara na Keita a 1984, baƙi nawa suka zo suka ɗauki hoton tuddai sun yi kore? Matan da suka yi ta jidar duwatsu a ka, cikin rana, su suka san ranar da aikin ya soma da irin nauyinsa. Haka layukan bedi na kwarin Majiya, wajen Buza, da aka fara dasawa a 1975. Hoto yana nuna itace ya girma. Wanda ya kore awaki shekara da shekaru ba ya fitowa.

A Reksam ma akwai masu korar awaki. Shekara goma kafin ƴan fim su zo, a watan Agusta 2011, aka ce wa ƙungiyar ta ajiye kuɗin jingina, in ba haka ba a fitar da ita daga gasa. Cikin yini guda magoya baya suka tara fiye da fam 100,000, wajen miliyan 75 na sefa. Wasu ajiyar gidansu suka kwaso. A ƙarshen shekarar nan ƙungiyar magoya baya ta karɓi ragamar kome. Suka riƙe ta kusan shekara goma, ba su hau ba, amma ba ta mutu ba.

Saboda haka da masu suna suka zo, ba wurin mutum ɗaya suka je ba. Dole suka zauna gaban jama'a, suka amsa tambayoyi. Suka rubuta alkawari cewa ba za su canja sunan ƙungiya ba, ba za su ɗauke ta daga garin ba. Aka ba kowa takarda ya karanta a gidansa. A watan Nuwamba 2020 aka jefa ƙuri'a. Mutum 1809 suka yarda, mutum 26 suka ce a'a. Ni dai 26 ɗin nan suna burge ni. Sun karanta, ba su gamsu ba, sun faɗa, an ƙidaya su.

Yanzu mu dawo gida. A ƙasarmu manyan ƙungiyoyi da yawa na ma'aikatu ne: ta soja, ta ƴan duwan, ta kamfanin lantarki. Mu kuwa a ƙauyukan Madawa da Buza da Keita, ƙungiyar samari ce ta unguwa. Ana tara dala-dala a sayi balo. Wanda ya je bida ya aiko da riguna. Lokacin babban hutu a shirya gasa, a sa rago ko kofi. Ɗan wasan fim ba zai zo mana daga Amurka ba. Namu masu sunan su ne alhajin da albasa ta yi wa rana, da ɗan gari da ya yi arziki a waje, da mai neman kujera.

Na ga yadda abin ya faru a wani gari da na koyar. Ba zan faɗi suna ba. Samari suna da ƙungiya tun zamanin samariya, iyayensu suka share filin. Wani mai hali ya zo da riguna sababbi, da takalma, da balo biyar. Ya ce a sa wa ƙungiya sunansa, aka sa. Ya zo da yaro mai ɗaukar hoto, aka watsa a Facebook, har ƴan garin da ke Libiya suka gani suka yi murna. Shekara biyu ana cin kofi, domin yana ɗauko ƴan wasa daga birni ranar gasa. Yaran gari kuwa suna zaune bakin fili. A shekara ta uku harkarsa ta koma wani wuri. Ya daina zuwa. Asusun da ake tara dala-dala an riga an bar shi, tun da ga mai biya. Tsohon suna an manta da shi, sabon kuma ba mai son kira. Ana nan sai aka ga an jibge bulo a kusurwar fili. Da samari suka yi magana, aka ce su kawo takarda. Ba su da ko guntuwa.

Ban ce mutumin nan mugu ne ba. Ya ba da abin da ya ba da, an kuwa ji daɗi. Ba wanda ya tambaye shi kome, shi ya sa bai yi alkawarin kome ba. Mu Hausawa muna jin nauyin mai kyauta. Wai a ce mutum ya kawo alheri, kai kuma ka ce ya sa hannu a takarda? Ai da kunya. To, mutanen Reksam ba su ji wannan kunya ba, masu kuɗin kuma ba su yi fushi ba. Har gobe suna tare.

In irin wannan baƙo ya zo garinku, ku karɓe shi hannu biyu. Ku yi masa godiya a bainar jama'a, ya cancanta. Sa'an nan ku zauna da shi gaban mai gari. Maganar fili ita ce ta farko, domin riga tana tsufa, fili kuwa in ya tafi ya tafi. Dokar karkara ta tanadi kwamitin kula da filaye, har a ƙauyuka, mai gari ne shugabansa. Ku nemi a rubuta cewa wurin nan filin wasan gari ne, daga ina zuwa ina. A rubuta sunan ƙungiya. A rubuta yaran gari nawa za su shiga kowane wasa. Kuma kada a bar tara dala-dala, ko da baƙo ya ce ya ɗauke muku. Littafin asusu ya zauna hannun wanda kuka zaɓa, a riƙa karanta shi da ƙarfi kowane wata.

In ya zo da mai hoto, ku tambaya ina za a kai hoton, wa zai gani. Ku ce a fara da tsofaffin da suka share filin, tun suna da rai.

Kai da ka shiga ajin yaƙi da jahilci bara, yanzu kana iya wannan aiki. Takardar ba sai da Faransanci ba, a rubuta ta da Hausa, a yi guda uku: ɗaya wurin mai gari, ɗaya wurin baƙo, ɗaya wurin ƙungiya. In wata kalma ta tsaya maka, ka zo da takardar aji da dare. Sai mu kunna fitila mu bi ta layi-layi, kafin kowa ya dangwala yatsa.