Maraƙi Mai Karkataccen Kai a Karar Illela

Ranar Lahadi Illela take cika ta batse. Tun da hantsi manyan motoci suka jeru a hanyar Sakkwato, shanu da tumakin Uda da raƙuma kuma suna ta kwararowa daga wajen Ƙonni, wadda ke tsallaken iyaka a Nijar. A nan na ga gwanintar ido: dillali ya buɗe bakin sa, ya shafa tozo, ya faɗi shekarunsa da kuɗinsa, kuma da wuya ya kuskure.

A gefen kara na tarar da wani maraƙi ya karkace kai, kunne ɗaya ya saki, mugunya na tsiyaya. Mai shi, wani dattijo, ya ce sau uku ana yi masa allura a garuruwa uku, kowace an saye ta a rumfa bisa shawarar mai sayarwa. Na ce, “Baba, an gwada mugunyar?” Ya yi dariya, ya ce maraƙi ai ba mutum ba ne.

Irin wannan ciwo yakan kwanta ne a bayan dodon kunne, inda ido ba ya kaiwa, kuma ƙwayoyin da ke kawo shi sun bambanta. Ɗaya daga cikinsu, Mycoplasma bovis, ba ta da bangon jiki, shi kuwa fenisilin bangon nan yake rusawa, don haka ko kwalba goma aka ɗura mata ba ta san an yi ba. Wasu kuwa a da suna jin magani, yawan rabin allura ne ya kangarar da su. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi tun 1945.

Ga yawancin ƙwayoyin, gwajin bai da wuya. A shuka mugunyar a faranti, a jera ’yan takardu masu ɗauke da magunguna daban-daban, a ga wanda ya share kewayensa. Jami’ar Usmanu Danfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi, amma Sakkwato ta fi kilomita 80 daga nan, sakamako kuma sai an kwana biyu. Kasuwa kuwa yini ɗaya ce.

Kafin la’asar dattijon ya sallama maraƙin da rangwame. Ina tsaye aka cusa shi cikin motar Kudu, kansa a karkace, tsakanin lafiyayyun shanu.