Alkamar Bavariya: Dokar Da Ta Hana Talaka Ta Bar Sarki

Ranar 23 ga watan Afrilu na shekarar 1516, a garin Ingolstadt na ƙasar Bavariya, kudancin Jamus ta yau, sarki Wilhelm na 4 da ƙanensa Ludwig na 10 suka kafa doka a kan giya. Suka ce ba za a haɗa ta da komai ba sai abu uku: ruwa, sha'ir, da wani tsiro mai ɗaci da ake kira hop. Suka kuma yanke mata farashi, don kada mai sayarwa ya cuci mai saye. Har gobe Jamusawa na alfahari da wannan doka, a 2016 ma sun yi mata bikin cika shekara 500.

Ni ba na shan giya, addinina ya hana, kuma ban zo tallarta ba. Malamin makaranta ne ni, abin da ya ja ni cikin labarin nan shi ne hatsin da dokar ba ta ambata ba, wato alkama.

Giya da burodi daga rumbu ɗaya suke fitowa. Mai haɗa giya yana jiƙa hatsi har ya tsira, ya busar da shi, ya barza, ya dama da ruwan zafi. Tsiron ne ke mayar da garin ya koma zaƙi, abin da iyayenmu mata masu kunun zaƙi suka sani tun da daɗewa. Sai yisti ya cinye zaƙin ya fitar da barasa da iska. Yistin nan ɗan'uwan wanda ke kumbura burodi ne. Dokar 1516 ba ta ko ambace shi ba, sai a ƙarni na 19 Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa ƙananan halittu ne ke yin aikin.

Ke nan duk buhun alkamar da ya shiga tukunyar giya ya fita daga hannun mai gasa burodi. Masana tarihi da yawa na ganin wannan na cikin dalilan dokar: sha'ir ga masu giya, alkama ga cikin jama'a, kada burodi ya yi tsada. Har nan, babu uban da zai ce ba a yi daidai ba.

To amma a 1548, shi dai wannan Wilhelm ya bai wa wani gidan masu sarauta, gidan Degenberg, izinin haɗa giyar alkama, wadda suke kira farar giya. A 1602 zuriyar gidan ta ƙare, sai sarki Maximilian na 1 ya karɓe izinin ya mayar da shi na fada. Ya buɗe gidajen farar giya a Munich da Kelheim da wasu garuruwa. Talaka bai da ikon haɗawa, amma yana da ikon saye. Kuɗin da suka shigo sun cika baitulmali, sun kuma taimaka wa Bavariya a Yaƙin Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648. Alkamar da aka ce ta burodi ce, ga ta ta koma kuɗin soja.

Fada ta riƙe wannan ciniki kusan shekara 200. Ba ta sake shi ba sai da kasuwarsa ta mutu. A 1872 wani mai sana'ar, Georg Schneider, ya sayi izinin a zamanin sarki Ludwig na 2, kuma zuriyarsa na nan suna aikin a Kelheim. A yau farar giyar Jamus sai an sa mata alkama aƙalla rabin hatsinta. Sunan da dokar ta yi fice da shi kuwa, Reinheitsgebot, wato dokar tsabta, bai fito ba sai bayan kusan shekara 400 da kafa ta.

Ƴan'uwana malamai, kun san yadda darasin tarihi ke tafiya a azuzuwanmu. Mu rubuta shekara, sunan sarki da abin da ya yi, yara su kwafa, su hardace, su mayar mana ranar jarrabawa. Da a haka za a koyar da labarin nan, yaro zai ce: 1516, dokar tsabta, ruwa da sha'ir da hop. Zai ci maki cikakku, alhali rabin labarin ya wuce shi. Bai ji 1548 ba, bai ji 1602 ba.

Ni a ajina, duk dokar da muka ci karo da ita, ta Turawan mulkin mallaka ce ko ta sarakunanmu na da, bayan mun karanta abin da ta ce, sai in tambayi yara: wa ta hana, wa kuma ta bari? Da farko shiru suke yi. Bayan ƴan makonni, su ne ke riga ni tambaya.

Iyaye, wannan tambaya ba ta raina hukuma ba ce. Ƙasarmu ta san tsadar hatsi, ta san shekarun da ake hana fitar da shi waje ko a sayar da shi da rahusa. Irin wannan mataki yana iya ceton rayuka, kamar yadda dokar Bavariya ke da nata alheri. Amma yaron da ya iya tambayar ko farashin tiya ya sauka a kasuwa bayan dokar, da kuma motar wa aka bari ta wuce, shi ne gobe zai iya tsare rumbun garinsu. Idan ɗanku ya dawo daga makaranta da irin wannan tambaya, ku zauna ku amsa masa.