Mu Masu Farautar Sa Hannun 'Yan Wasa

Ƙannenmu ɗalibai, a Amurka akwai wani abin sha'awa da yara da dattawa suka yi tarayya a kansa: tara katunan 'yan wasan besbol, sannan a bi 'yan wasan su sa hannu a kai. Mu ma muna cikin masu yi. Karatu ne ya kawo mu ƙasar, muka tarar da abin, ya shiga ranmu, yau ga shi kowannenmu yana da albam ɗinsa da yake ji da shi. Duk sa'ad da muka ba mutanen gida labari, tambayar farko ita ce, "To nawa ake sayar da shi?" Za mu amsa wannan tambaya, domin kuɗin da ke yawo a harkar ba kaɗan ba ne. Amma muna so ku ga abin da ya sa mutum zai zauna ya rubuta wa baƙo wasiƙa, ya jira wata shida, don kawai a rubuta masa suna a kan ɗan kwali.

Da farko, shi besbol wasa ne na mutum tara-tara. Mai jifa ya wurgo ƙwallo mai tauri, girmanta kamar lemon zaƙi, mai duka ya tare ta da sanda, sannan ya ruga ya zagaya matsayai huɗu kafin abokan hamayya su cim masa. Ana ji da shi a Amurka da Japan da Koriya ta Kudu da Kyuba. Babbar gasar Amurka, wadda ake kira MLB, tana da ƙungiyoyi 30, kowacce tana buga wasa 162 a kaka guda. Shi kuwa katin, tsawonsa inci 3 da rabi ne, faɗinsa inci 2 da rabi. Gabansa hoton ɗan wasa, bayansa garin da aka haife shi da lissafin abin da ya yi a fili shekara bayan shekara. Duk wanda ya taɓa yanko hoton ɗan ƙwallo daga jarida ya liƙa a bangon littafinsa ya riga ya san irin daɗin da muke magana.

Katunan sun samo asali ne daga kamfanonin sigari. Tun shekarun 1880 suke cusa ɗan kati cikin kwalin taba don kwalin ya yi ƙwari, kuma mai saye ya dawo neman wani. Tsakanin 1909 da 1911 aka buga jerin da ake kira T206, wanda a cikinsa akwai katin Honus Wagner na ƙungiyar Pittsburgh Pirates. Wagner ya hana a ci gaba da buga nasa. Wasu sun ce ba ya son yara su sayi taba saboda hotonsa, wasu sun ce maganar kuɗi ce. Ko ma mene ne, 'yan kaɗan ne suka fita, shi ya sa a 2022 aka sayar da guda ɗaya a kan dala miliyan 7.25. Daga baya masu cingam suka karɓi harkar: kamfanin Goudey a 1933, sai Topps, wanda jerinsa na 1952 ya zama abin koyi. Katin Mickey Mantle na wannan jeri shi aka yi gwanjonsa a watan Agusta na 2022 a kan dala miliyan 12.6.

Kada waɗannan alƙaluma su ruɗe ku. Tsofaffin katuna sun yi tsada ne saboda a zamaninsu ba wanda ya ɗauke su dukiya. Yara suna soka su a sifokin keke don su riƙa ƙara kamar babur, iyaye mata kuma suna sharewa su zubar idan yaro ya girma. Abin da ya tsira shi ya yi daraja. Da mutane suka farga a ƙarshen shekarun 1980, kowa ya shiga saye yana ɓoyewa, kamfanoni kuma suka yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa. Yau yawancin katunan wancan lokaci ko kuɗin kan sarki ba su kai ba. Irinsu ne suka cika albam ɗinmu, kuma su muke aikawa a sa mana hannu, domin abin da muke nema ba a jikin kwalin yake ba.

Hanya biyu muke bi. Ta farko ita ce zuwa fili da wuri, tun kafin a fara wasa, mu tsaya a bakin shinge da kati da alƙalamin maka mai shuɗin tawada. Lokacin da ya fi dacewa shi ne watannin Fabrairu da Maris, sa'ad da ƙungiyoyi ke atisayen share fage a jihohin Florida da Arizona, ko kuma a filayen ƙananan ƙungiyoyi, inda 'yan wasa ba su da tsare gida sosai. Katunan zamani suna da sheƙi, tawada ba ta kama su, saboda haka tun a gida muke goga musu abin goge fensir ko 'yar hoda. A bakin shinge akwai ladabi: ka kira mutum da sunansa cikin girmamawa, ka miƙa kati ɗaya ko biyu, ka bar yara ƙanana su shiga gaba, ka yi godiya ko ya sa ko bai sa ba.

Hanya ta biyu ita muka fi so, wato ta gidan waya. Za ka rubuta wasiƙa da hannunka, ka saka kati, ka haɗa da wani ambulan mai ɗauke da adireshinka da kan sarkinsa a manne, don kada ka ɗora wa mutum wahala ko kashe kuɗi. Sai ka aika ta adireshin ƙungiyarsa, ka zuba ido. Wata amsar takan zo cikin mako biyu, wata sai ta shekara, wata kuwa har abada. Saboda haka ba ma aika katin da ba za mu iya jure rashinsa ba. Wasu tsofaffin 'yan wasa sukan nemi ɗan kuɗi, wasu su ce a ba wata gidauniyar taimako. Wasu kuma, musamman waɗanda suka daɗe da ritaya har duniya ta manta da su, sukan ƙara da layi biyu na gaisuwa. Irin wannan ambulan, ranar da ya iso, har kiran juna muke yi a waya.

Wasiƙar ce makarantar wannan harka. Ba za ka rubuta wa mutum kana roƙon alfarma ba alhali ba ka san komai game da shi ba, don haka dole ka karanta. Ta haka muka san Jackie Robinson, wanda ranar 15 ga Afrilu, 1947 ya shiga fili da rigar Brooklyn Dodgers, ya karya shingen da ya daɗe yana hana baƙaƙen fata buga babbar gasar. A 1997 aka jingine lambarsa, 42, a dukkan ƙungiyoyi don girmama shi. Ta haka muka san Roberto Clemente ɗan Puerto Rico, wanda ya rasu ranar 31 ga Disamba, 1972 a haɗarin jirgin sama, yana kai kayan agaji ga waɗanda girgizar ƙasa ta shafa a Nikaraguwa. Ta haka kuma muka san Gift Ngoepe ɗan Afirka ta Kudu, wanda a 2017 ya zama haifaffen Afirka na farko da ya buga MLB. Robinson da Clemente duk sun bar duniya a 1972. Sa hannun da suka bari shi ke nan, ba za a ƙara ko ɗaya ba.

Idan ka daɗe kana kallon rubutun mutane, sai ka fara ganin halinsu a ciki. Harmon Killebrew na Minnesota Twins ya yi suna da kyawun rubutu, kowane harafi a fili, kuma yakan ja kunnen matasan 'yan wasa su rubuta sunansu yadda yaro zai iya karantawa bayan shekaru. Bob Feller na Cleveland ya sa hannu da yawa har masu tarawa suna raha cewa katinsa da babu rubutu ya fi wuyar samu. Mike Marshall kuwa, mai jifa wanda ya yi karatu har digirin digirgir, ya shahara da ƙin sa hannu, domin a ganinsa bai kamata yara su mai da 'yan wasa gwarazansu ba. Ba mu ji haushin irinsa. Hannunsa ne, shi ke da iko da shi.

Labarin da ya fi taɓa mu shi ne na Joe Jackson, ɗaya daga cikin gwanayen duka a farkon ƙarni na 20. Tun yana ƙaramin yaro talauci ya tura shi aiki a masaƙa a jihar South Carolina, bai samu karatu ba. Matarsa ce take sa hannu a madadinsa, shi kuwa idan ta kama dole, zana sunansa yake yi da ƙyar, harafi bayan harafi. A 2021 aka yi gwanjon wani hotonsa na 1911 mai ɗauke da rubutun hannunsa a kan dala miliyan 1.47. Abin da ya sa ya yi wannan tsada shi ne abin da ya kasance masa abin kunya a rayuwa. Ku da kuke rubuta sunanku a kan takardar jarrabawa ba tare da ko tunani ba, ku san kuna riƙe da abin da wannan gwani bai samu ba.

Inda kuɗi ya shiga, ɓarawo ma ya shiga. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar FBI ta gudanar da binciken da ta kira Operation Bullpen a yankin San Diego, ta bankaɗo gungun masu kwaikwayon sa hannun taurari suna sayarwa, har da takardun shaida na jabu. Abin nasu ya kai har da ƙwallon besbol mai ɗauke da sunan Mother Teresa. Tony Gwynn na San Diego Padres yana cikin waɗanda suka taimaka wa masu binciken wajen gane rubutun da ba nasa ba. Ban da 'yan damfara, akwai na'urar da ke kwaikwayon sa hannu, akwai kuma ma'aikatan ƙungiya da kan rubuta a madadin ɗan wasa. Shi ya sa aka samu kamfanonin tantancewa irin su PSA, wanda aka kafa a 1991, yana duba kati ya ba shi maki daga 1 zuwa 10.

Su ma kamfanonin kati sun ga kasuwa. A 1990 Upper Deck ya sa Reggie Jackson ya sa hannu a katuna 2,500, aka watsa su cikin ƙunsoshin da ake sayarwa. Daga nan abin ya zama ruwan dare, har wani katin Mike Trout mai sa hannu ya kai sama da dala miliyan 3.9 a 2020. Nan ne muke ganin haɗarin. Yaro ya riƙa sayen ƙunshi bayan ƙunshi yana fatan ya faɗa a kan na sa'a, wannan ya fi kama da caca. A bakin shinge kuma kana ganin manya da jakar katuna suna ture yara, burinsu su sayar a intanet kafin dare. 'Yan wasa sun gane, shi ya sa da yawansu yanzu layi kawai suke ja a gurguje su wuce, wasu ma su ƙi tsayawa. Yaron da ya zo da katinsa ɗaya tal shi ke kwana a ciki.

A tsakaninmu mun yi wa kanmu ƙa'ida. Kowane kati yana da layinsa a littafi: ranar da aka aika, ranar da ya dawo, ko filin da aka tsaya aka samu. Idan za mu yi musaya, sai mai kati ya faɗi gaskiyar yadda ya same shi, idan yana da shakka ya faɗa. Sa hannu shaida ce cewa wani mutum ya riƙe wannan kwali, ya ba ka daƙiƙa biyar daga cikin ransa. Da zarar ƙarya ta shiga, abin da ya rage tawada ce kawai. Muna ajiye katunan cikin 'yan ledoji, nesa da rana da danshi, domin hasken rana yana kodar da tawada.

Ba sai kun zo Amurka ko kun san dokokin besbol ba kafin ku ɗanɗana wannan. Akwai ɗan ƙwallon ƙafa na garinku, akwai marubucin littafin da ake koya muku a aji, akwai tsohon malamin da ya koyar da iyayenku. Ku samu littafi mai kauri, ku karanta labarin mutum kafin ku tunkare shi, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku roƙe shi ya sa muku hannu, ku rubuta kwanan wata a ƙasa. Kada ku taɓa kuɗin makaranta saboda wannan, kada kuma ku tafi wurin baƙo ba da sanin iyaye ba. Wanda ya ƙi, ku yi masa godiya ku wuce. Wanda ya yarda, ku yi masa tambaya ɗaya game da aikinsa, ku rubuta amsar a gefen sunansa tun kafin ku manta.